Haƙorin da Bai Yi Laifi Ba

Akwai wani mutum, manomin rake, gonarsa tana bakin fadama. In rake ya nuna, sai ya sare, ya matse ruwan, ya dafa a babban kasko har ya yi kauri, sa'an nan ya zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Da wannan sana'a yake ci da iyalinsa. Duk ƙauyukan yankin sun san tasa ba ta ƙonewa, ba ta kuma narkewa a hannun mai saye.

Asirin aikin nasa a cikin bakinsa yake. Mai dafa ruwan rake dole ya san lokacin sauke kasko. In ya yi gaggawa, ba za ta daskare ba. In ya yi jinkiri, sai ta ƙone ta yi ɗaci. Shi mutumin nan, yadda ya gani a wurin mahaifinsa, sai ya ɗebo kaɗan a bakin muciya, ya hura ta huce, ya kai can ƙuryar baki ta hannun dama, ya danna da haƙorin tauna na ƙarshe, wanda ake ce wa turmi. In ta kama haƙorin ta sake shi da ɗan ƙara, to, ta yi. Haka yake yi sau goma, sau ashirin a wuni. Abin da ya gwada kuma ba ya tofarwa, don wa ya taɓa tofar da zaƙi? Sai ya tura shi cikin kunci ya bar shi yana narkewa a hankali, yana aiki yana haɗiyar yawu.

Kada ku ɗauka ƙazami ne. Ko kusa. Kowace safiya za ka gan shi a hanyar fadama da asuwaki a baki, yana goge haƙoransa na gaba yana gaisawa da mutane. Fari fat suke, kuma ya san da haka. Ran Lahadi in ana waƙa a majami'a, babu wanda ya kai shi buɗe baki. Sai dai asuwakin nan bai taɓa wuce inda ido ke gani ba.

Wata rana matarsa ta ce masa, “Baban Keziya, na cikin fa? Ban taɓa ganin ka kai asuwaki can ba.”

Ya yi dariya ya ce, “Wa ke ganin na ciki?”

Shekaru suka wuce a haka. Akwai lokacin da ya fara ganin ɗan jini in ya tofar da yawu, ya ce asuwakin ne ya yi tauri. Akwai lokacin da ruwan randa ya fara tsira masa in ya kurɓa, ya ce randar ce ta cika sanyi. Kowace alama ta zo, yana da amsar da zai ba ta.

Sai ga shi wata shekara, ana tsakiyar dahuwa, rake yana jibge a bakin gona an riga an sare. Ya ɗebo a muciya kamar kullum, ya kai ƙuryar baki, ya danna. Wani zogi ya taso masa kamar an soka allura, ya bi ta muƙamuƙi har cikin kunne. Muciya ta faɗi daga hannunsa. Ya tsaya riƙe da kunci, idanunsa sun kawo ruwa, bai san abin da ya same shi ba.

Abin da ya fi ruɗa shi, ciwon ba ya zama wuri ɗaya. Yau a kunne yake, gobe a muƙamuƙi, jibi ya haura ya kama rabin kai. In an tambaye shi sama ne ko ƙasa, sai ya nuna sama, ya sake tunani ya nuna ƙasa, daga baya ya shafa duk gefen fuskar ya ce, “Nan dai.” Ya gwada cizawa da gefen hagu, amma haƙoran hagu ba su san aikin ba. Kaskon farko ya sauke da wuri, mazarƙwailar ta ƙi daskarewa. Na biyu ya bar shi ya daɗe, ta ƙone ƙurmus. Ga rake a jibge yana bushewa a rana, wanda aka matse yana neman yin tsami. In bai samu kan ciwon nan ba cikin 'yan makonni, wahalar shekara guda ta tafi a banza.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba, don ciwon haƙori kowa likitansa ne. Wani ya ce sanyin fadama ne ya shige shi, ya naɗe kansa da mayafi. Ya naɗe. Wani ya zo ya ce ai zafin kasko ne ya taru masa a ka, ya kwance mayafin nan maza. Ya kwance. Ya wuni yana naɗewa yana kwancewa, bai san wanne zai bi ba. Ya danna kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya sa kanwa. Kowanne ya ɗan lafa masa na sa'a guda, sa'an nan ciwon ya dawo kamar ya je ya huta ne.

Matarsa ta ce, “Mu je asibitin gari a duba maka.”

Ya ce, “Ciwon da yake yawo haka ba na asibiti ba ne.”

Ya faɗi haka ne don wata magana da aka jefa masa a kunne. Wani ya ce masa ciwo mai tafiya daga wuri zuwa wuri, da hannun mutum a ciki. To, akwai maƙwabcinsa Habila, wanda gonarsa take haɗe da tasa, kunya ɗaya ce ta raba su, shi ma mazarƙwaila yake dafawa. Tare suka tashi, tare suke zama a benci ɗaya ran Lahadi. Mutumin nan ya zauna riƙe da kunci yana kallon hayaƙin kaskon Habila yana tashi lafiya lau, nasa murhun kuwa ya mutu. Sai ya tuna wata rana Habila ya taɓa ce masa, “Kai dai haƙoran nan naka sun yi maka rana.” Lokacin ya ji daɗin maganar. Yanzu ya juya ta, ya sake juyawa, har ta zama wani abu dabam a zuciyarsa. Bai tabbata ba, amma kuma ya kasa cire abin a ransa. Da Habila ya leƙo ya ce masa sannu da jiki, sai ya kau da kai. Ran Lahadi ya sake benci.

Ran kasuwa ya ɗaure kai ya tafi. A gindin wata tsamiya ya tarar da wani mai magani, baƙo, ya baza kayansa a tabarma. Mai maganin ya dube shi sau ɗaya ya ce, “Malam, tsutsa ce. Ita ce take yawo, shi ya sa kake jin ciwon yana yawo.”

Wannan magana ta shige shi, don ita ce ta farko da ta yi daidai da abin da yake ji. Mai magani ya ɗora tsingaro a kan garwashi, ya zuba wasu 'yan ƙwayoyin iri da ɗan mai, ya ajiye ƙwaryar ruwa a ƙasa, ya lulluɓe kan mutumin da zane ya ce ya buɗe baki hayaƙi ya shiga. Da aka yaye zanen, sai ga wasu 'yan farare sirara suna yawo a kan ruwan. Mutumin ya zura musu ido, tsigar jikinsa ta tashi. Bakinsa ya yi ɗumi, ciwon ya lafa, ya koma gida yana ba kowa labari.

Kafin ya gama cin tuwon yamma, zogin ya dawo, har ya fi na da.

Nan fa kansa ya ƙara ɗaurewa. Da idonsa ya ga tsutsotsin a ƙwarya. To, in sun fita, wa ke cizonsa? Ko wasu ne suka shiga? Ko Habila ne yake sake turo su? Ko dai sanyin fadamar ne tun farko? Ya kwana bakwai yana jujjuya tambayoyin nan, yana shan kunu da gefen baki, ya rame, ya zama mai faɗa. Matarsa in ta yi magana laifi, in ta yi shiru laifi.

Da kasuwa ta zagayo ya koma gindin tsamiya. Mai magani bai ko yi mamaki ba. Ya ce, “'Ya'yan ne suka fita. Uwar tana nan, ta ƙi barin gidanta. Sai an cire gidan gaba ɗaya. Wanne ne haƙorin?”

Mutumin ya buɗe baki zai nuna, sai ya ga bai sani ba. Mai magani ya miƙa masa guntun madubi. Mutumin ya ja leɓe ya duba iyakar inda idonsa ya kai. Can gefen dama, a ƙasa, ya hango wani haƙori mai ɗan duhu a jiki. Duk sauran da yake iya gani farare ne, wannan kaɗai ya fita dabam.

Ya ce, “Ina jin wannan ne.”

“Kana ji, ko ka tabbata?”

Ya sake dubawa, ya ce, “Shi ne.”

Ba zan ba ku labarin yadda aka yi da awartaki ba, don akwai yara a cikinmu. Haƙorin dai bai so fita ba, sai da aka sha fama, gama saiwarsa tana da ƙarfi. Mai magani ya ƙunshe shi a tsumma ya ba shi, ya ce ya binne a bayan gida. Mutumin ya jefa a aljihu, ya koma gida da jini a baki, ya manta da binnewar.

Yanzu ciwo ya zama biyu: ga na wurin da aka cire, ga na da yana nan daram. Kwana uku kuncinsa ya kumbura har ido ya ƙanƙance, zazzaɓi ya rufe shi, bakinsa yana wari. A wannan karon matarsa ba ta tambaye shi ba. Ta ɗauko masa riga da hula ta ce, “Tashi, Baban Keziya. Na gaji da kallonka kana mutuwa a tsaye.” Ba shi da ƙarfin gardama, ya bi ta.

A asibitin gari suka samu likitar haƙori, wata dattijuwa mara yawan magana. Ta zaunar da shi a kujera, ta kunna fitila mai haske, ta ɗauko wani ɗan madubi mai dogon mariƙi. Ba ta tambaye shi wanne ne ba. Ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa a hankali. Na gaba, shiru. Na gefe, shiru. Da ta kai kan na ƙarshe, na can ƙurya, saura kaɗan ya faɗo daga kujerar.

Ta ce, “Ga shi nan, Baba. Riƙe wannan madubin ka gani.”

Ta haɗa nata madubin da nasa, sai ya ga wurin da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. Turmin nan da yake taƙama da shi ya zama kogo, baƙi ƙirin, gefensa ya tsage. Dasashin da ke kewaye da shi ya kumbura ya yi ja, yana fitar da mugunya. A gindin haƙoran cikin duka, datti ya daskare ya yi tauri kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa. Ta tambayi yadda yake gwada dahuwa, da inda yake ajiye abin da ya gwada, da inda asuwakinsa yake tsayawa. Yana ba da amsa muryarsa tana raguwa.

Ta ce, “Zaƙin da yake kwana a baki, akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, shi ne abincinsu. In sun ci, sai su bar wani tsami da yake cin haƙori kaɗan-kaɗan har ya yi rami. Dattin da ba a goge ba kuma shi ne yake daskarewa ya kumbura dasashi, ya sa jini. Ga cizon abu mai tauri kullum a wuri ɗaya, shi ya tsaga shi. Da ramin ya kai ga jijiya, sai ciwon ya bazu har kunne, shi ya sa ka kasa gane inda yake.”

Ya ce, “To, tsutsotsin da na gani fa?”

“Irin da aka gasa ne ya fashe, cikinsa ya faɗa ruwa.”

Ya rage murya don kada matarsa ta ji, ya ce, “Likita, babu hannun mutum a ciki?”

Ta ce, “Ni dai ban ga hannun kowa a nan ba. Zaƙin shekara da shekaru na gani. Da ka zo tun ruwan sanyi yana tsira maka, da na share ramin na cike, ka tafi da abinka. Yanzu sai ka sha magani kumburin ya sauka, sa'an nan mu cire shi.”

Sai ya tuna da ƙunshin aljihunsa. Ya kwance tsumman ya miƙa mata. Ta ɗaga haƙorin a gaban fitila, ta juya shi gaba da baya, ta kankare duhun da ɗan ƙarfe, ya fita.

Ta ce, “Wannan jan goro ne kawai. Lafiyarsa ƙalau. Da an bar shi, da shi za a binne ka.”

Mutumin ya karɓi haƙorinsa ya riƙe a tafin hannu. Baƙin ciki ya cika shi, da kunya, har ya kasa ɗaga kai ya dubi matarsa.

Bayan an cire ruɓaɓɓen, ciwo ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Ya koma fadama ya tarar rabin raken ya lalace. Ya hura wuta, ya ɗora kasko a kan abin da ya saura. Da ruwan ya fara kauri, ya ɗebo a muciya ya nufi baki, sai ya tsaya. Babu abin cizawa. Ya tsaya riƙe da muciya, kasko yana tafasa, bai san yadda zai yi ba.

Ya janye itacen wutar, ya tsallake kunyar nan da ya yi makonni bai tsallake ba. Ya tarar da Habila a gaban nasa kaskon. Ya tsuguna ya faɗa masa kome, har zargin da ya yi masa, bai rage ba.

Habila ya dube shi. Sa'an nan ya ce, “Ni fa na ɗauka ciwo ne ya hana ka amsa gaisuwa. Kullum da kai muke addu'a a gidana.” Ya goge ido da bakin riga, ya ɗauki wata 'yar ƙwarya ya cika da ruwan sanyi, ya ce, “Mu je kafin kaskonka ya huce.”

Da suka isa, Habila ya ɗiga kaɗan a cikin ruwan, ya sa yatsu biyu ya murza. Ta dunƙule ta yi tauri. Ya ce, “Ka gani? In ta dunƙule haka ba ta manne a yatsa ba, ta yi. Sauke.”

Mutumin ya ce, “Kai ba ka cizawa?”

“Ban taɓa ba.”

Shekara talatin suna dahuwa kusa da juna, bai taɓa leƙawa ya ga yadda maƙwabcinsa yake yi ba.

To, ƙaunatattu, ma'anar misalin nan ke nan. Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Haƙoran gaba su ne abin da mutane suke gani a rayuwarmu: tufafin Lahadi, gaisuwa mai daɗi, amin mai ƙarfi. Waɗannan muna goge su kullum, kuma ba laifi ba ne. Amma kowannenmu yana da ƙuryar da asuwaki ba ya kaiwa, a can muke ajiye ɗan zaƙin da ba mu son tofarwa. Wani 'yar ƙarya ce a ciniki, wani gulma, wani ƙiyayyar da yake tsotsa tun bara, wani kallon abin da ba nasa ba. Muna cewa ai sana'a ce ta gaji haka, ai haka muka tarar ana yi. Zunubin da aka ɓoye ba ya ihu ranar da ya shiga. A hankali yake ci, ana waƙa ana dariya.

Ranar da ciwon ya tashi kuma, ba ya nuna inda yake. Sai ka ga mutum ba salama, addu'a ta yi masa nauyi, yana faɗa da kowa a gida, shi kansa bai san dalili ba. Nan ne masu gindin tsamiya suke samun kasuwa, gama suna faɗa mana abin da muke so mu ji, wai daga waje matsalar ta shigo. Abin da ya fi ba ni tausayi a labarin nan shi ne haƙorin da ke cikin tsumma. Na ga mutanen da suka cire abokin kirki daga rayuwarsu, na ga wanda ya rabu da ɗan'uwansa, na ga wadda ta bar ikilisiyarta, duk don neman sauƙin ciwon da yake can wani wuri dabam. Sun cire mai lafiya, ruɓaɓɓen yana nan yana cinsu.

Ubangiji shi ne likitan da ba ya tambaya wanne ne, gama ya riga ya sani. Maganarsa ita ce madubin da yake kaiwa inda namu ba ya kaiwa. In ya ƙwanƙwasa wurin, za ka ji zafi, amma zafin da yake kai ga warkewa ne. Abu ɗaya yake nema a wurinka: ka zauna, ka buɗe, ka bar haske ya shiga. Wannan ita ce tuba. Wanda ya zo da wuri, a share a cike. Wanda ya yi jinkiri, za a gafarta masa, amma sau da yawa giɓin yana nan har tsufa.

Tun da kuma jikin nan ma amana ne, in kun koma gida ku kai asuwaki da buroshi har ƙurya, safe da yamma. In kun ga jini, ko ruwan sanyi ya fara tsira muku, ku je a duba tun ramin yana ƙarami.

An ce manomin nan bai binne haƙorin ba. Ya ajiye shi a cikin tsummansa, a aljihun rigar da yake zuwa sujada da ita. Duk ranar da ransa ya ɓaci, ya ji yana neman wanda zai ɗora wa laifi, sai ya sa hannu a aljihu ya taɓa shi, ya yi shiru, ya fara duba nasa cikin tukuna. Kafin ka nuna wani da yatsa a makon nan, kai ma ka roƙi Ubangiji ya fara haska maka taka ƙuryar. Amin.